Malik Peiris

Joseph Sriyal Malik Peiris, wanda aka fi sani da Malik Peiris, likita ne ɗan asalin Siri Lanka kuma masanin ƙwayoyin bairus, wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Jami'ar Hong Kong. An haife shi ranar 10 ga Nuwamba, 1949. Duniya ta san sunansa a Maris na 2003, lokacin da shi da abokan aikinsa suka gano ƙwayar da ke haddasa cutar SARS, wani mummunan ciwon huhu mai yaɗuwa. Bincikensa ya fi karkata ga cututtukan numfashi da ke tsallakowa daga dabbobi zuwa mutane, shi ya sa rabin aikin nasa a ɗakin gwaje-gwaje yake, rabi kuma a kasuwar kaji, da gonar aladu, da mayankar raƙuma.

Karatu da farkon aiki

Ya yi sakandare a Kwalejin St. Anthony da ke Kandy, ya kammala karatun likitanci a Peradeniya a 1972, sannan ya tafi Jami'ar Oxford a Ingila, inda ya sami digirin digirgir a 1981. A can, tare da malaminsa James Porterfield, ya yi nazarin wani al'amari mai ɗaure kai: sinadarin kariya da jini ke samarwa don yaƙar bairus, a wasu lokuta shi ne ke yi wa bairus ɗin jagora zuwa cikin ƙwayoyin jikin da ya kamata su cinye ta. Aikin ya fito a mujallar Nature a 1979, kuma yana cikin abubuwan da ake bayani da su kan dalilin da ya sa kamuwa ta biyu da zazzaɓin dengi kan fi ta farko muni.

Da ya koma gida ya kafa ɗakin binciken bairus a Peradeniya, ya duƙufa kan cututtukan da sauro ke yaɗawa, musamman cutar kumburin ƙwaƙwalwa ta Japan. Daga baya ya yi aikin asibiti a Newcastle, kafin ya koma Hong Kong a 1995.

Murar tsuntsaye

Shekara biyu da zuwansa, a 1997, murar tsuntsaye ta H5N1 ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka mutu. Kafin wannan, yawancin masana na ganin bairus ɗin tsuntsu ba ta iya shiga huhun mutum kai tsaye ta kashe shi sai ta bi ta jikin wata dabba, kamar alade. A ƙarshen Disamba gwamnati ta hallaka kaji fiye da miliyan ɗaya, cutar ta tsaya.

Peiris bai ɗauka an gama ba. Shi da Guan Yi, wani masanin bairus a jami'arsu, da sauran abokan aiki suka ci gaba da ɗibar samfuri a kasuwannin kaji masu rai, shekara da shekaru. A 1999 suka ba da rahoton cewa wani nau'in, H9N2, shi ma ya kama yara. A 2002 kuma suka nuna cewa H5N1 na tunzura garkuwar jiki ta wuce gona da iri, har ta koma tana lalata huhun mai ita, wanda hakan na cikin dalilan tsananin cutar.

Mafi amfanin wannan aiki ga talaka shi ne abin da ya nuna game da kasuwa. Idan kazar da ba a sayar ba ta kwana a keji, gobe aka zuba mata sababbi, bairus ba ta rasa inda za ta zauna. Hong Kong ta raba agwagi da dinya daga kaji, ta sa ranar hutu da ake kwashe komai a wanke kasuwa, daga 2008 kuma ta hana kaza mai rai kwana a shagon mai sayarwa. Gwaje-gwajen rukunin Peiris sun nuna bairus ta ragu ƙwarai bayan wannan doka. Wata 'yar'uwar wannan H5N1 ɗin ce ta ɓulla a jihar Kaduna a Fabrairun 2006, karo na farko a Afirka.

SARS

A Nuwamban 2002 wani ciwon huhu da ba a san kansa ba ya ɓarke a lardin Guangdong na ƙasar Sin. A Fabrairun 2003 wani likita daga can ya sauka a wani otel a Hong Kong, daga nan baƙin otel ɗin suka kwashi cutar zuwa Vietnam, Singafo da Kanada. Zargin farko ya faɗa kan murar tsuntsaye, wasu suka ce wata bakteriya ce, wasu suka ambaci wata bairus dabam. Rukunin Peiris ya gwada duk hanyoyin da aka saba raino bairus ɗin numfashi da su, babu abin da ya tsiro. Sai suka gwada wasu ƙwayoyin ƙodar biri da ba a cika amfani da su a irin wannan aiki ba, suka zuba musu samfurin huhun wani majiyyaci. Bayan kwanaki ƙwayoyin suka fara mutuwa.

Ganin bairus a jikin mara lafiya bai isa a ce ita ce mai laifi ba. Don haka suka gwada jinin majiyyata na farkon ciwo da na bayan makonni, suka ga kariyar da ke kama wannan bairus ta hauhawa a jinin na baya, babu ita kuma a jinin masu lafiya. Madubin ƙara girma mai aiki da lantarki ya nuna ƙwaya zagaye da ƙayoyi kamar kambi, wato dangin korona, waɗanda a lokacin ba a san su da komai a jikin mutum ba sai 'yar mura. Cibiyoyin Amurka da Jamus sun cimma wannan sakamako kusan lokaci guda. Rahoton Hong Kong ya fito a mujallar Lancet a Afrilu, kuma ranar 16 ga watan Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar, bayan an gwada bairus ɗin a jikin birai a Rotterdam.

Akwai wani binciken nasu na Mayun 2003 da bai yi suna kamar na farko ba, alhali bai gaza shi muhimmanci ba. Sun bibiyi majiyyata kwana bayan kwana, suka ga yawan bairus a hanci da maƙogwaro na kai ƙololuwa ne wajen kwana na goma da fara ciwo. Wato mutum ya riga ya kwanta kafin ya fi zama haɗari ga jama'a, saboda haka killace shi da wuri na yanke hanyar yaɗuwa. Da haka aka shawo kan SARS a Yulin 2003, bayan ta kama mutum sama da 8,000 ta kashe 774, 299 daga cikinsu a Hong Kong. Korona ta 2019 ba ta ba da wannan dama ba, don mai ita kan yaɗa ta tun bai san ya kamu ba.

MERS da raƙuman Kano

Bayan ɓullar MERS, wata cutar numfashi ta dangin korona, a Saudiyya a 2012, rukunin Peiris na cikin waɗanda suka nuna cewa raƙumi ne ke ɗauke da ita, inda suka fara da raƙuman Masar. A 2015, tare da masana 'yan Najeriya, suka ɗibi samfuri a mayankar Kano: fiye da kashi 90 cikin ɗari na raƙuman sun taɓa kamuwa, kusan ɗaya cikin goma kuma na ɗauke da bairus a hanci a lokacin. Sai tambaya ta taso: me ya sa ba a ganin cutar a jikin mahauta? Gwajin jini na yau da kullum bai nuna alamar kamuwa a jikinsu ba. Wani bincike na 2018 ya nuna cewa nau'in da ke Afirka ta Yamma bai kai na Saudiyya ƙarfin hayayyafa a ƙwayoyin huhun mutum ba. Amma da aka duba wani sashe na garkuwar jiki, a rahoton da ya fito a 2021, sai aka ga mutum 18 cikin ma'aikata 61 da ke hulɗa da raƙuma suna da shaidar cewa jikinsu ya taɓa haɗuwa da bairus ɗin. Ke nan tana shiga mutane, ba ta dai kai su asibiti ba, ko kuma ba a gane ta ba.

Annobar korona da karramawa

A Janairun 2020 sashensa ya fitar da ɗaya daga cikin hanyoyin farko na gwajin sabuwar korona, ya raba wa ƙasashe da dama. Ya kuma shiga binciken da ya nuna karnukan gida na iya kamuwa daga masu su. An zaɓe shi cikin Royal Society, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Landan, a 2006, Faransa ta ba shi lambar Légion d'honneur a 2007, Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta karɓe shi a 2017. A 2021 ya raba kyautar Gairdner ta Kanada da Guan Yi, da kyautar Future Science ta Sin da Yuen Kwok-yung, abokin aikinsa tun zamanin murar tsuntsaye.