Ba Jikinka Ne Ya Saba da Kulorokwin Ba

A kantin magani sau da yawa za ka ji ana cewa, "Kulorokwin ya daina yi mini, jikina ya saba da shi." Jiki ba ruwansa. Ƙwayar cutar maleriya ce ta sauya, kuma ba da wayo ta yi hakan ba. Cikin miliyoyinsu akan sami 'yan ƙalilan masu ɗan bambanci a halitta, wanda ke sa su jure maganin. Sauran suka mutu, waɗannan suka tsira, suka hayayyafa, zuriyarsu ta gaje su. Wannan ne zaɓin yanayi da masanin kimiyyar halittu Charles Darwin ya bayyana a 1859. Abin tausayi, yaron da bai taɓa shan kulorokwin ba ma sauro na iya sa masa irin wannan ƙwayar mai taurin kai.