Waiwaye: Yadda Matsayin Maryamu Ya Kafu a Addinin Kirista

Sabon Alkawari bai yi dogon bayani a kan Maryamu ba. Akwai gaisuwar mala'ika Jibra'ilu a Luka 1:28, da bikin auren Kana, da tsayuwarta a gindin gicciye. Daga irin waɗannan 'yan ayoyi, tare da al'adar Ikilisiya, aka gina abin da ya biyo baya.

Babbar taƙaddamar farko da ta shafi Maryamu ma, a zahiri a kan Yesu aka yi ta. Nestoriyus, babban bishop na Kustantiniya, ya ƙi a kira ta Theotokos, wato wadda ta haifi Allah, ya ce a tsaya a kan mahaifiyar Almasihu. Siril na Iskandariya ya ce a'a: in har ɗan da ta haifa mutum ɗaya ne, Allah kuma ɗan adam, raba sunan nan raba Almasihu gida biyu ne. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Afisa a 431 ta goyi bayan Siril. Wannan matsayi har Martin Luther, jagoran Furotesta na farko, bai taɓa shi ba.

A 787 Majalisar Nikiya ta biyu ta ja layi tsakanin sujada, wadda ta Allah ce shi kaɗai, da girmamawa da ake yi wa tsarkaka da hotunansu. Nan ne gizo ke saƙa har yau. 'Yan Katolika da Otodoks suna cewa roƙon Maryamu suke ta yi musu addu'a. Yawancin Furotesta suna kafa hujja da 1 Timoti 2:5, cewa matsakanci tsakanin Allah da mutane ɗaya ne, wato Yesu.

Carbin rosari ya samo asali daga masu ibadar da ba su iya karatu ba, waɗanda suke maimaita gajeriyar addu'a sau 150 a madadin Zabura 150. Zagaye ɗaya kashi biyar ne, kowane kashi da "Ubanmu" ɗaya, gaisuwar Maryamu goma, sai yabon Triniti (Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki), ana tunani a kan wani al'amari na rayuwar Yesu ko ta Maryamu, wanda ake kira asiri. Fafaroma Pius na Biyar ya daidaita tsarinsa a 1569, John Paul na Biyu ya ƙara asirai biyar a 2002, suka zama 20.

Aƙidu biyu sun zo a makare. A 1854 Fafaroma Pius na Tara ya ayyana cewa an ɗauki cikin Maryamu ba tare da zunubin asali ba, wato wanda ake cewa kowa ya gada daga Adamu. Mutane da dama, har da 'yan Katolika, suna rikita wannan da haihuwar Yesu daga budurwa, alhali cikin da uwarta ta ɗauka nata ake nufi. Otodoks ba su karɓi wannan ba. A 1950 Pius na Goma Sha Biyu ya ayyana ɗaukarta zuwa sama jiki da rai, bikin da ake yi ranar 15 ga Agusta.

A Majalisar Vatican ta Biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, an yi gardama ko a ware wa Maryamu takarda tata. Ƙuri'ar 1963 ta rabu kusan biyu, da ratar 40 kacal, aka sanya bayaninta a babi na takwas na takardar da ke magana a kan Ikilisiya, wadda ta fito a 1964.