Harshen damo: yaushe labari yake zama siyasa a ɓoye?

Ɗan ƙanwata da ke lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa ya same ni bayan la'asar da littafinsa na Faransanci a hannu. Ya ce, "Kawu, malaminmu ya ce labarin zaki da jaki na La Fontaine alegori ne. Yaya ake cewa alegori da Hausa?" Na ce masa labari mai harshen damo.

Duk wanda ya taɓa ganin damo yana shan hantsi a bakin Binuwai ya san harshensa a rabe yake gida biyu. Haka irin wannan labarin: a sarari dabbobi ne ko aljanu, a ƙarƙashi kuwa mutane ne da mulkinsu. Ya bambanta da habaici ko gugar zana, waɗanda magana ce guda da ake yaɓa wa wanda ke kusa. Shi wannan tun daga farkonsa har ƙarshensa a kan ma'ana biyu aka gina shi. A labarin La Fontaine, marubucin Faransa, annoba ta faɗa wa dabbobi, zakin da ya cinye tumaki ya fita fes, jakin da ya ɗan lashi ciyawar wasu aka yanke masa hukuncin kisa. Wanda ya zauna a Faransa zamanin Sarki Luwi na 14 ba ya bukatar a faɗa masa fadar da ake nufi.

Wanda ya fi fitowa fili shi ne Animal Farm na George Orwell, na 1945, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar Gandun Dabbobi. Aladen da ya ƙwace gandun Stalin ne, shugaban Tarayyar Sobiyet, wanda aka kora abokin hamayyarsa Trotsky ne, marubucin kuma da kansa ya ce da Tarayyar Sobiyet yake. Nan babu gardama.

Gardamar tana wajen littattafan almara na bokaye da dodanni. A 1900 L. Frank Baum ya fitar da The Wonderful Wizard of Oz a Amurka: guguwa ta sure wata yarinya daga Kansas, ta bi hanyar bulo mai ruwan ɗorawa da takalman azurfa a ƙafa. Sai a 1964 wani malamin makaranta, Henry Littlefield, ya ce ai rikicin kuɗin Amurka ne. A cewarsa hanyar tana nufin zinariya, takalman kuma azurfar da manoma masu bashi suke so a riƙa buga kuɗi da ita. Cikin abokan tafiyar yarinyar, mutum-mutumin gona manomi ne, mutumin kwano ma'aikacin masana'anta, zaki matsoraci kuwa William Jennings Bryan, ɗan takarar shugaban ƙasa a 1896. Wallahi fassarar tana da daɗi, har kana ji kamar an buɗe maka ƙofa. Amma Baum ya rasu tun 1919, kuma abin da ya rubuta a gabatarwarsa shi ne don faranta ran yara ya yi littafin. Mabuɗin da aka ƙera bayan shekara 64, ba mai gida ne ya ƙera shi ba.

Shi J.R.R. Tolkien yana raye aka yi masa haka. The Lord of the Rings ya fito a 1954 da 1955, aka ce zoben tsafin da aka gina labarin a kansa bam ɗin nukiliya ne. Tolkien, wanda ya ga yaƙin Somme na Yaƙin Duniya na Ɗaya da idonsa a 1916, ya musanta cewa littafin alegori ne a gabatarwar bugu na biyu. Ya raba abu biyu: mai karatu yana da 'yancin ganin zamaninsa a cikin labari, amma wannan daban yake da marubuci ya ɗaure shi da ma'ana guda.

A nan na tsaya, kuma na san abin da ke sa mu saurin zargi. Daga 1962 zuwa 1990 akwai dokar da ke hukunta maganar da aka ɗauka zagon ƙasa ce ga gwamnati a Kamaru, iyayenmu suka saba da magana a dunƙule da saurare da kunne biyu. Mai kaza a aljihu kuma ba ya jimirin as. Sai dai jin labari ya taɓa ka ba hujja ba ce cewa da kai aka yi shi.

Kakata tana zaunar da mu a tabarma bayan isha'i, ta ce ga ta nan ga ta nanku, Gizo ya damfari sarki ya aure masa 'ya. Ba wani lamiɗo take nufi ba. Da wani ya tsaya ya ce mana Gizo jam'iyya kaza ce, da ya raba mu da tsoro da dariyar da suka hana mu barci, abin da har yau nake tunawa da ita da shi.

Yaron ya ce, "To Kawu, ta yaya zan gane?" Na ce ya fara duba ko marubucin ya faɗa da bakinsa, sannan ya ga ko kowane abu a labarin yana da takwaransa ba tare da an murɗe shi ba. Ya rubuta "harshen damo" da fensir a gefen shafin, kusa da hoton jakin.