Abin da Doka Ta Tanada Kan Sauya Wili da Girman Tayar Ƙaramar Mota

Mai ƙaramar mota da ya yi niyyar cire wilin ƙarfe da ta zo da shi daga kamfani, ya ɗaura na aloyi mai faɗi da ƙyalli, yakan ɗauka ado ne kawai, kamar sauya fenti. Hukumomin da ke tantance motoci ba haka suke kallon lamarin ba, domin a wurinsu taya da wili suna cikin sassan da aka gwada motar da su kafin a ba da izinin sayar da ita. Dokokin ƙasashe sun bambanta wajen tsanani, amma tushensu ɗaya ne: an yarda a sauya wili, muddin sabuwar tayar ba ta kauce wa awon da kamfanin ya ƙayyade ba, kuma ba ta gaza ta asali ƙarfi ba. Wannan awo yana cikin littafin motar, galibi kuma yana kan wata 'yar takarda da ake mannawa a jikin ƙofar direba.

Kafin a fahimci dokar sai an iya karanta rubutun da ke gefen taya. A ɗauki 175/65 R14 82T, awon da ake yawan gani a ƙananan motoci. Lambar 175 faɗin tayar ce a milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na wannan faɗin, 14 kuma girman wilin ne a inci. Idan aka haɗa lissafin, tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama zai kai kusan milimita 583, kuma wannan adadi shi ne abin da ya kamata mai sauyi ya riƙe. Wanda ya koma wili mai inci 15 ya sa 185/55 R15 zai samu kusan milimita 585, wato wilin ya ƙaru, robar ta ragu, tsayin kusan bai motsa ba. Wanda kuwa ido ya ja shi zuwa inci 16 ya sa 195/55 R16, zai tashi da kusan milimita 621, ƙarin da ya haura kashi 6 cikin ɗari.

Wannan ƙari shi ne inda ake fara taka doka, kuma ta hanyar maleji ake taka ta. Maleji ba ya ganin titi, juyin taya kawai yake ƙirgawa, saboda haka idan taya ta ƙara tsayi za ta ci tazara mai yawa a kowane juyi alhali allurar ba ta san an yi sauyi ba. Ƙa'ida ta 39 cikin ƙa'idojin motoci na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka samo asali daga yarjejeniyar 1958, ta ce a lokacin tantance mota maleji ba zai nuna gudun da ya gaza na haƙiƙa ba ko kaɗan, amma yana iya wuce shi da abin da bai haura kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4 a awa ba. Kamfanoni kan bar ɗan rara saboda wannan sharaɗi, sai dai rarar ba ta da yawa, kuma tayar da ta ƙaru da kashi 6 tana iya cinye ta har ta wuce, ta yadda direba zai ga 100 a gabansa motar kuwa tana gudu fiye da haka. Ostireliya ta bayyana iyakar a fili cikin ƙa'idojinta na gyaran motoci: tayar motar fasinja ba za ta fi wadda kamfani ya ƙayyade tsayi da milimita 15 ba, ba kuma za ta gaza ta da milimita 26 ba. Tayar da aka ambata mai ƙarin milimita 38 ta faɗi wannan jarrabawa tun kafin a ɗaura ta.

Sauran rubutun, wato 82T, shi ne wanda masu saye suka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi duk sauran haɗari. Lambar 82 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 475, harafin T kuma yana nufin an gwada ta har zuwa kilomita 190 a awa. Tayoyi masu siririn gefe sau da yawa suna zuwa da lamba ƙasa da ta asali. Mai lamba 78, alal misali, kilo 425 kaɗai take ɗauka, wanda ke nufin motar ta rasa kilo 200 a tayoyinta huɗu. Ba za a ji bambancin ba idan direba shi kaɗai ne, sai ranar da aka cika kujeru da but aka hau doguwar hanya cikin zafin rana. Don haka ƙa'idar ita ce a hau sama da lambar kamfani idan an ga dama, amma kada a sauko ƙasa da ita.

Shi kansa wilin yana da nasa awo. Akwai yawan ramukan noti da tazarar da ke tsakaninsu, wanda ake rubutawa kamar 4x100, akwai faɗin ramin tsakiya, akwai kuma lambar da ke bin haruffan ET, wadda ke nuna yadda wilin zai shige ciki ko ya turo waje. Idan ya shige da yawa zai goge birki ko ƙafar mota, idan ya turo da yawa tayar za ta leƙo daga jikin motar, ta riƙa gugar ƙarfe a kwana, ta kuma ɗora wa boris nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba. Ƙa'ida ta 124 cikin waɗancan ƙa'idoji na Majalisar Ɗinkin Duniya ita ce ta tanadi gwajin ƙarfi da na dacewa ga wilin da ba kamfanin motar ya ƙera ba, kuma wanda ya ci gwajin yana ɗauke da harafin E cikin da'ira tare da alamar 124R.

Jamus tana cikin ƙasashen da suka fi tsaurara wannan batu. A ƙarƙashin sashe na 19 na dokar ba motoci izinin hawa titi, sauyin da ake zaton zai jefa mutane cikin haɗari yana soke izinin motar gaba ɗaya, shi ya sa wilin da ba shi da takardar amincewa ga wannan samfurin mota sai an kai shi wurin masu bincike irin su TÜV ko DEKRA. Birtaniya ba ta bin wannan hanya, amma motar da tayoyinta biyu na gaba ko biyu na baya suka bambanta a awo za ta faɗi binciken shekara-shekara, kuma zurfin zanen taya ba zai gaza milimita 1.6 ba, kamar yadda yake a Tarayyar Turai. A Birtaniya kamfanonin inshora ma suna ƙirga sauya wili a matsayin gyaran da ake bayyanawa, kuma wanda aka tambaye shi ya ɓoye yana iya rasa diyya bayan haɗari, ko da wilin ya cika duk sauran sharuɗɗan.