Waiwaye: Ja-in-jar Masana Kan Hadda da Fahimta

Gardamar ko yaro ya fi koyo ta maimaici ko ta gano abu da kansa ta haura shekara ɗari, kuma har gobe ita ke yanke yadda malami zai raba mintunansa a aji.

Masanan farko sun ɗauki koyo a matsayin sauyin hali da ido ke gani. A 1898 Edward Thorndike na Amurka ya riƙa kulle kyanwoyi a akwati, ya ga duk motsin da ya kai su ga abinci shi suke maimaitawa. B. F. Skinner ya ɗora a kai, har ya ƙera injin koyarwa a shekarun 1950: a gutsuttsura darasi, ɗalibi ya amsa, a sanar da shi nan take ko ya dace. Ribar wannan ra'ayi ita ce saurin gyara. Littafin aikin da aka duba bayan mako biyu, kuskuren cikinsa ya riga ya zauna daram. Skinner ya kuma yi gargaɗin cewa hukunci danne hali yake yi na ɗan lokaci, ba ya koya wa yaro daidai. Masu riƙe bulala su lura.

Sai Jean Piaget na Suwizalan ya karkato da hankali zuwa tunanin yaro. Zuba ruwa daga faffaɗan kofi zuwa dogo siriri a gaban ɗan shekara biyar, zai ce ruwan ya ƙaru. Wajen shekara bakwai zuwa goma sha ɗaya yaro na yin lissafi sosai, muddin abin yana hannunsa. Shi ya sa rabawa da tsakuwa ko murafun kwalba ya kamata ta riga rabawa a kan allo. Lev Vygotsky na Rasha, wanda ya rasu a 1934, ya ƙara da cewa koyo na faruwa ne a tsakanin abin da yaro zai iya shi kaɗai da abin da zai iya in an kama masa. Gardin da ke biya wa ƙolo karatu a tsangaya aikin da yake yi ke nan.

Inda aka yi ɓarna shi ne fassara waɗannan ra'ayoyi da cewa malami ya koma gefe. A raba yara saba'in rukuni-rukuni ba tare da an koya musu komai ba, mutum ɗaya zai yi aikin, sauran su kwafa. John Sweller na Ostireliya ya bayyana dalili a 1988: ƙwaƙwalwar da ke riƙe sabon abu ƙarama ce, tana cika da wuri. Sabon shiga ya fi amfana da misalin da aka warware masa mataki-mataki.

A nan hadda ta dawo da mutuncinta, amma da sharaɗi. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, kuma maimaici da tazara ya fi na zama ɗaya. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar cewa tuno abu da ka ya fi sake karanta shi. Mahaddata sun daɗe a kan haka: a wanke allo, a ci gaba da tilawar baya.

Ga yadda malami zai haɗa waɗannan a aji. A darasin minti 40, minti biyar na farko na tambayoyi ne kan darasin jiya da na makon jiya, littafi a rufe. Sannan sabon abu guda ɗaya, da misali biyu da malami ya warware yana faɗin dalilin kowane mataki, na uku kuma a yi tare. Tambayar "Kun gane?" ba ta auna komai, domin aji zai amsa "E!" baki ɗaya. Gara kowa ya rubuta amsa ya ɗaga. In ƙasa da takwas cikin goma suka dace, a sake bayani da wani misalin kafin a ba su aikin kansu.