Mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya: Yadda Ta Faro da Abin da Ta Sauya

Wace mujalla ce wannan, kuma yaushe aka fara buga ta?

Sunanta na asali Journal of the Historical Society of Nigeria, wato mujallar Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya. An kafa ƙungiyar a 1955 a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda a lokacin take ƙarƙashin Jami'ar Landan, kuma fitowa ta farko ta mujallar ta bayyana a 1956, shekara huɗu kafin samun 'yancin kai. Jagoran tafiyar shi ne Kenneth Onwuka Dike, masanin tarihin da ya tsaya kai da fata har aka kafa ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Ibadan, daga baya kuma ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci jami'ar. Mujallar ta girmi shahararriyar mujallar tarihin Afirka da ake bugawa a Kambirij, wadda sai a 1960 ta fara fita.

Me ya sa aka ga buƙatar mujalla ta musamman, alhali akwai mujallun Turai?

Domin abin da ake koyarwa da sunan tarihi a makarantun mulkin mallaka labarin Turawa ne a ƙasar Afirka: wane ne ya bi kogin Kwara har bakin teku, wane gwamna ya zo, wace yarjejeniya aka sa wa hannu. Ko a 1963 wani babban malamin tarihi na Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a koyar in ban da na Turawan da suka shigo ta. Dike da abokan aikinsa, irin su Saburi Biobaku da J. F. Ade Ajayi, sun ga cewa hanyar rusa wannan magana ita ce a kawo hujja, a buga ta, a bar masana su tantance.

Babban abin da mujallar ta yi shi ne faɗaɗa ma'anar hujja. Rahoton razdan da wasiƙun 'yan mishan sun daina zama su kaɗai abin dogaro. Labarin baka da tsofaffi ke riƙe da shi, jerin sunayen sarakuna, littattafan malamai na Larabci, da kayan da aka tono a ƙarƙashin ƙasa, duk suka samu gurbi. A 1959, alal misali, Bernard Fagg ya rubuta a cikinta game da al'adar Nok, wato kawunan yumɓu da masu haƙar kuza suka riƙa cin karo da su.

Ina rabon tarihin ƙasar Hausa a cikinta?

Rabo ne mai tsoka, kuma sunan da ba a iya tsallakewa shi ne H. F. C. Smith, Baturen Ingila da ya koyar a Ibadan, ya koma Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. A 1961 ya buga maƙala a mujallar inda ya nuna cewa masana sun yi watsi da jihadodin ƙarni na 19 a Afirka ta Yamma, alhali shugabanninsu, musamman Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, sun bar rubuce-rubuce masu yawan gaske da ke bayyana manufarsu da bakinsu. Kafin nan yawancin Turawa suna fassara jihadin a matsayin rikicin ƙabilanci tsakanin Fulani da Hausawa. Wannan kira ne ya buɗe ƙofa ga ɗalibai irin su Murray Last, wanda ya zauna a Sakkwato yana karatun takardun gidan Waziri Junaidu.

Maƙalar Smith ta 1970 kan yadda daulolin ƙasar Hausa suka kafu ta fi tayar da ƙura. Ya ƙi yarda cewa labarin Bayajida, baƙon da ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura, shi ne bayanin asalin sarautun Hausa. A ganinsa, daula tana tsirowa ne daga cikin gida sannu a hankali: gidaje su zama ƙauye, ƙauye ya zama gari, garin da ke da ƙasar noma da tama da wurin tsafi kamar dutsen Dala ya jawo baƙi har ya zama birni mai ganuwa, sannan sarki da masu sarauta su bayyana domin tafiyar da jama'ar da ba jini ɗaya ya haɗa su ba. Ko wanda bai gamsu da shi ba, ya zama dole ya amsa masa, kuma har yau ɗaliban tarihi a Zariya da Kano da Sakkwato daga wannan muhawara suke farawa.

Akwai kuma binciken R. A. Adeleye na 1972 kan tawayen Satiru na 1906, inda talakawan wani ƙauye kusa da Sakkwato, da fartanya da gatari, suka kashe Turawa uku da sojojinsu, kafin a dawo a shafe garin baki ɗaya.

Shin babu masu sukar wannan tafarki?

Akwai. An zargi masanan Ibadan da mayar da hankali kan sarakuna da dauloli da manyan mutane domin gina alfaharin sabuwar ƙasa, suka manta da manomi da bawa da mace da maƙeri. Daga Zariya ne suka mafi ƙarfi ya fito a shekarun 1970, a bakin Yusufu Bala Usman da ire-irensa, waɗanda suka nace cewa ita kanta hujjar, ta baka ce ko rubutacciya, sai an tambayi wanda ya samar da ita da abin da yake karewa. A nawa ganin sukan yana da tushe, ko da yake wanda ake ce wa ba shi da tarihi sam, ba abin mamaki ba ne ya fara da nuna daulolinsa.

Me ya faru da ita daga baya?

Taɓarɓarewar tattalin arziki ta shekarun 1980 ta taɓa ta kamar yadda ta taɓa jami'o'i: takarda ta yi tsada, malamai da dama suka fice zuwa ƙasashen waje, fitowarta ta riƙa jinkiri. Sai kuma aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, ƙungiyar ta shafe shekaru tana fafutuka kafin gwamnatin tarayya ta amince a dawo da shi.

A ina mai sha'awa zai same ta yanzu?

Tsofaffin fitowarta suna ɗakunan karatu na tsofaffin jami'o'i, an kuma ɗora su a rumbun JSTOR na intanet, wanda akasari sai ta hanyar rajistar jami'a ake shiga. Da Turanci ake rubuta ta tun farko, saboda haka jikan mutumin Satiru da bai yi boko mai zurfi ba, sai dai wani ya karanta masa abin da Adeleye ya rubuta game da kakanninsa ya fassara masa.