Yadda Kifi Ke Sake Gani Bayan Jijiyar Idonsa Ta Tsinke

Da gaske ne kifi yana dawo da ganinsa bayan an yanke masa jijiyar gani?

Ƙwarai kuwa. Jijiyar gani damin siraran zaruruwa ne da ke kai saƙon lantarki daga retina, wato shimfiɗar da ke can bayan ƙwayar ido, zuwa ƙwaƙwalwa. A idon mutum zaruruwan sun haura miliyan 1, kuma in sun tsinke ba sa tohowa. A ɗan kifin nan mai ratsi-ratsi da ake kira kifin zebra kuwa, sabbin zaruruwa kan isa ƙwaƙwalwa cikin kusan mako guda, gani ya dawo cikin 'yan makonni. Kifin gwal ya fi jan lokaci, amma shi ma yana warkewa.

Ta yaya zaruruwan ke gane inda za su koma?

Roger Sperry, masani ɗan Amurka, ya bi diddigin wannan a shekarun 1940. Ya yanke jijiyar ganin kwaɗo, ya juya idon sama ta koma ƙasa. Da jijiyar ta toho, in ƙuda ya gitta ta sama, sai kwaɗon ya kai hari ƙasa, kuma bai taɓa gyarawa ba. Ashe kowane zare tsohon mazauninsa ya koma. A 1963 shi da Domenica Attardi suka nuna haka a kifin gwal: zaruruwa sukan wuce fili fanko a tektum, sashen ƙwaƙwalwar da ke karɓar gani, su nufi nasu gurbin. Sperry ya ce alamomin sinadarai ne ke musu jagora, daga baya kuma aka gano wasunsu, irin su efrin.

To in sinadarai ne jagora, mene ne aikin saƙon lantarki?

A ganina nan ne labarin ya fi daɗi. Sinadarai unguwa kawai suke kai zare, ba sa nuna masa ƙofar gida. Idan aka duba tektum da zarar zaruruwa sun iso, za a ga taswirar gani, wato yadda kowane sashe na retina ke da gurbinsa a tektum, ta zauna daidai a dunƙule, sama a sama, ƙasa a ƙasa, amma a dagule take: kowane zare ya baza rassa fiye da kima, wasu sun sauka inda ba nasu ba.

A 1983 John Schmidt da Louise Edwards, da kuma Ronald Meyer a nasa ɓangaren, suka riƙa yi wa idon kifin gwal allurar tetrodotoksin, dafin da ake samu a jikin talibamban teku. Dafin yana toshe ƙofofin sodiyam da ƙwayoyin jijiya ke tayar da saƙo da su, ƙwayoyin retina su yi tsit, ba saƙon da ke fita. Duk da haka zaruruwan suka toho, suka isa tektum. Abin da ya gagara shi ne tacewa. Taswirar ta tsaya a dagule, ba kamar ta kifin da aka bar idonsa yana aiki ba, wadda ke ta ƙara kaifi a hankali.

Yaya saƙo ke gyara taswira?

Ƙwayoyin da ke maƙwabtaka a retina abu ɗaya suke kallo, don haka tare suke aika saƙo. Ƙwayar da ke karɓa a tektum tana ƙarfafa alaƙa da zaruruwan da saƙonsu ya zo lokaci guda, wanda nasa ya zo a ware kuma reshensa ya janye. Wasu ƙofofi a jikin ƙwayar da ke karɓa, da ake kira NMDA, su ne ke gane wannan daidaito, kuma da aka toshe su da magani, tacewar ta tsaya.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na 1985, da Schmidt da Eisele suka ajiye kifi ƙarƙashin fitila mai walƙiya akai-akai. Ido na aiki, saƙo na tafiya, amma duk ƙwayoyin retina suna motsawa lokaci ɗaya da kowace walƙiya, ba a bambance maƙwabci da na nesa. Taswirar ba ta tacu ba. Ke nan ba yawan saƙo ake bukata ba, tsarinsa ne.

Me ya hana mutum yin haka, kuma akwai fata?

A dabbobi masu shayarwa yawancin ƙwayoyin da aka yanke wa zare mutuwa suke yi, tabo ya tare hanya, ga sinadarai irin su Nogo masu hana toho. Sai dai a shekarun 1980 Albert Aguayo a Kanada ya nuna cewa in aka dasa wa ɓera guntun jijiyar ƙafa a matsayin gada, wasu zaruruwan ido kan bi ta. A 2016 kuma ayarin Andrew Huberman na jami'ar Stanford ya haɗa abu biyu a ɓeraye: zaburar da sinadarin girma mTOR, da sa idon da ya ji rauni kallon ratsin baƙi da fari masu motsi kullum. Wasu zaruruwa suka isa ƙwaƙwalwa, ɓerayen suka fara gudun inuwar da ke tunkaro su, ko da yake gani mai kaifi bai dawo ba. Ga masu fama da hawan jinin ido (glaucoma), ciwon da ke cinye wannan jijiyar, wannan bai zama magani ba tukuna, bincike ne da ke ɗakin gwaji.